Kasuwa na ci kana barci: wace kariya ta fi ga mai kwandon hannayen jarin waje?

Ranar Litinin 5 ga Agustan 2024, a makon da ake zanga-zangar tsadar rayuwa, na idar da sallar Asuba na zaro waya daga caji don in ji ko an sassauta dokar hana fita. Abin da na fara cin karo da shi ba labarin gida ba ne, kasuwar Tokyo ce ke rugujewa. Kafin su tashi, wajen ƙarfe 7 na safe agogonmu, ma'aunin Nikkei 225, mai nuna hawa da saukar hannayen jarin manyan kamfanonin Japan, ya zube da kashi 12.4 cikin ɗari, faɗuwar da ba a ga irinta ba tun 1987. Ni kuwa ina da 'yan daloli a wani kwandon hannayen jarin Japan da ake cinikinsa a New York. Na buɗe manhajar dillalina, farashin da ke kai na ranar Juma'a ne, maɓallin sayarwa kuma iyakarsa ya karɓi umarni ya ajiye har ƙarfe 2:30 na rana. Awa bakwai da rabi ina hangen gobara ta taga, ƙofa a kulle. An ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. A ranar na gane karin maganar har dalar Amurka ya haɗa.

Kwandon da nake nufi shi ne abin da ake kira ETF. Kamfani ne ke sayo hannayen jarin kamfanoni da yawa na wata ƙasa ya zuba su wuri guda, kai kuma ka sayi kaso a cikin kwandon kamar yadda ake sayen hannun jari ɗaya. EWJ na kamfanin iShares, alal misali, yana ɗauke da Toyota da Sony da Hitachi da Mitsubishi UFJ da sauran manyan kamfanonin Japan. INDA na Indiya ne, FXI na kamfanonin Sin da ake cinikinsu a Hong Kong, KSA na Saudiyya. Dukkansu a Amurka ake sayar da su, kuma su ne irin kwandunan da manhajojin zuba jari na wayar hannu ke kai ɗan Kano ko Zariya gare su. Matsalar ita ce kayan suna wata kasuwa, kwandon yana wata, kai kuma kana ta uku, kuma agogunanku uku ba sa haɗuwa.

New York tana buɗewa 2:30 na rana ta tashi 9 na dare agogon Najeriya da Nijar, daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba. Sauran watannin kuwa 3:30 ne zuwa 10, saboda su suna juya agogonsu mu ba ma juyawa. Tokyo tana buɗewa ƙarfe 1 na dare, ta tashi 7:30 na safe tun da aka ƙara mata rabin awa a Nuwamban 2024. Hong Kong 2:30 na dare zuwa 9 na safe. Mumbai 4:45 na asuba zuwa 11. Riyad 8 na safe zuwa 1 na rana, Lahadi zuwa Alhamis. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke haɗuwa da New York ko da minti ɗaya. Wato duk lokacin da kake iya sayar da kwandon, masu kayan suna barci. Duk lokacin da kayan ke motsi, kai ba ka da hannu. A mako mai awa 168, awa 32 da rabi kawai ƙofar New York ke buɗe. Daren yau da kullum awa 17 da rabi ne, na ƙarshen mako kuma 65 da rabi.

Hanyoyin da mutane ke bi don kare kansu daga wannan dare suna da yawa, kuma na gwada galibinsu da kuɗina. Ba daidai suke ba, ko kusa.

Birki

Da wannan kowa ke farawa, don kyauta ne kuma sunansa na kwantar da hankali: umarnin tsayar da asara. Ka ce wa dillali, in farashi ya sauko zuwa kaza, sayar. Ni ma na sa shi, kashi 5 ƙasa da farashin Juma'ar, na kwanta ina ganin na ɗaure akuyata.

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne, birkin ba alkawarin farashi ba ne. Ƙararrawa ce kawai. Da zarar farashi ya taɓa wurin ko ya wuce shi, umarninka ya zama "sayar a duk yadda aka taya". Da rana, lokacin da farashi ke sauka taki-taki, hakan na aiki. Amma farashin da ya kwana ba ya saukowa ta matakala, dirowa yake yi. A ce kwando ya tashi a dala 70, ka sa birki a 66.50, gari ya waye an buɗe a 63. Ba wanda ya taɓa taya 66.50, ba a bi ta kansa ba ma. A 63 za a sayar maka, ko ƙasa da haka, domin mintunan farko na buɗewa su ne lokacin da ratar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa ta fi faɗi. Yawancin dillalai ma ba sa kunna wannan umarni sai a lokutan kasuwa na ainihi, don haka duk tsawon daren yana barci tare da kai.

Haka ta faru da ni. An sayar da nawa a mintunan farko, a farashin da ya kusa zama mafi muni na ranar. Kafin Isha'i kwandon ya farfaɗo da kaso mai tsoka, washegari kuma Nikkei ya yi tsalle da kashi 10.2. Birkin bai hana ni faɗuwa ba, hana ni tashi ya yi.

Ba ni kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Ranar 24 ga Agustan 2015, bayan kasuwannin Sin sun zube cikin dare, an buɗe New York cikin ruɗani, aka riƙa dakatar da ciniki sau fiye da dubu, wasu manyan kwanduna suka faɗi da sama da kashi 20 na 'yan mintuna alhali kayan cikinsu ba su faɗi ko kusa da haka ba. Masu birki aka yi wa gwanjo a wannan rami. A farkon 2016 kasuwar New York, wato NYSE, da kanta ta daina karɓar irin wannan umarni, ta bar wa dillalai su riƙa riƙe shi a nasu injinan.

Akwai ƙaninsa, birki mai iyaka: in ya kai 66.50 sayar, amma kada ka sayar ƙasa da 66. Wannan ya raba ka da gwanjo, sai dai in an buɗe a 63 ba a sayar da komai ba, kayanka na hannunka suna ci gaba da sauka. Na farkon yana tabbatar maka da fita bai tabbatar da farashi ba, na biyun yana tabbatar da farashi bai tabbatar da fita ba. A kan haɗarin dare, dukkansu ihu ne bayan hari.

Kwana da kuɗi a hannu

Na biyu shi ne a sayar kafin a tashi kasuwa, a sake saye gobe. Wannan kam yana aiki, ba musu: wanda ba shi da kaya ba ya asarar dare. Tambayar ita ce nawa yake ci.

A ce dillalinka na cirar kashi 1 in ka saya, kashi 1 in ka sayar. Kwana 20 na ciniki, wata guda ke nan, kusan sulusin jarinka ya tafi ko da farashi bai motsa ba. A ce ma ka sami mai rahusa ƙwarai, shiga da fita duka kashi 0.1 kacal har da ratar farashi. A kwana 250 na shekara ka rasa sama da kashi 20. Wannan ba inshora ba ce, yoyo ne.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin dillali muhimmanci. In kana shiga kwandon Japan da Azahar kana fita bayan Isha'i, to ba ka taɓa riƙe shi ba a lokacin da ake cinikin kayansa a gidansu. Motsin da kake gani a awannin New York hasashe ne: manyan dillalai suna duba darajar yen, kuɗin Japan, da kwantiragin cinikin gaba na Nikkei da ke tafiya a Shikago da Osaka, da yanayin kasuwar Amurka, su ƙiyasta yadda Tokyo za ta buɗe gobe. Kai da ka ce kana son cin moriyar kamfanonin Japan, ka koma cinikin zaton Amurkawa game da Japan. Bincike da dama ma sun nuna cewa ko a kasuwar Amurka kanta, kaso mafi girma na ribar shekaru masu yawa tsakanin tashi da buɗewa ya taru, ba da rana ba. Daren da ake gudu shi ne kuma yake kawo abincin.

Inda na ga amfanin wannan hanya shi ne a zaɓaɓɓun darare, ba kullum ba, kuma ga mai cinikin 'yan kwanaki kaɗai. Akwai dararen da ke da sanarwa tun kafin su zo. Babban bankin Japan na zama sau takwas a shekara, kuma hukuncinsa na fitowa wajen tsakar ranarsu, misalin 4 na asubarmu. Ƙarin kuɗin ruwan da ya yi ranar 31 ga Yulin 2024 zuwa kashi 0.25 na cikin abubuwan da suka kunna wutar 5 ga Agusta. Rahoton ayyukan yi na Amurka galibi Juma'ar farkon wata yake fita, ƙarfe 1:30 na rana a watannin bazara da damina, daidai lokacin da muke hanyar masallaci. Ranar ƙidayar ƙuri'un Indiya, 4 ga Yunin 2024, kasuwar Mumbai ta faɗi da kusan kashi 6, kwana ɗaya bayan ta yi sama a kan hasashen sakamako. Duk waɗannan ranakun an san su tun da wuri. Mai niyyar riƙe kaya mako biyu kacal, ba laifi ya rage kafin irinsu. Mai niyyar shekara biyar kuwa ba ruwansa.

Raya dare

Na uku shi ne a nemi dillalin da ke ba da damar ciniki a wajen lokaci. A Amurka akwai cinikin kafin buɗewa, daga 9 na safe agogonmu a lokacin da suka tura agogo gaba, da na bayan tashi, wanda ke ƙarewa ƙarfe 1 na dare. Abin dariya, daidai wannan mintin ne Tokyo ke buɗewa. Don cike wannan giɓi aka ƙirƙiro dandalin dare irin su Blue Ocean, wanda wasu dillalai ke tura wa umarnin abokan cinikinsu daga 8 na dare zuwa 4 na asuba agogon New York.

A takarda, wannan ya warware komai. A aikace, masu ciniki kaɗan ne a waɗannan awanni, rata na faɗi, kuma a daren da ka fi bukatar ƙofar ne kowa ke rububinta. A wancan dare na 5 ga Agusta, Blue Ocean ya kasa ɗaukar cunkoson, ya tsaya, ya soke cinikin da aka riga aka ƙulla na wani ɓangaren daren. 'Yan Koriya ta Kudu, waɗanda wannan lokaci ne ranarsu, su suka fi ji a jika. Dillalin Amurka Robinhood ma ya dakatar da cinikinsa na dare na ɗan lokaci.

Sai kuma namu na gida da ba a rubutawa a littattafan Turawa. Ƙarfe 2 na dare an ɗauke wuta, batir ya kusa mutuwa, intanet na rarrafe, ido na yaji, gobe akwai aiki. Shawarar da mutum zai yanke a wannan hali ba kasafai take zama mai kyau ba. Na yi mako biyu ina wannan tsaron, na fito da ciwon kai da ciniki biyu da na yi nadamarsu. Wanda yake da wannan dama a manhajarsa ya riƙe ta a matsayin ƙofar baya, kuma kada ya taɓa aika umarni a lokacin ba tare da ya ƙayyade farashi ba. Amma kada ya lissafa ta cikin kariya.

Garkuwar manya

Masu manyan kuɗi ba sa sayar da kwandonsu, garkuwa suke saya. Kala biyu ce. Akwai kwantiragin gaba, wato ka sayar da alkawarin ma'aunin Nikkei a kasuwar CME ta Shikago, wadda ke tafiya kusan awa 23 a rana. In Tokyo ta faɗi, abin da ka rasa a kwando ka samo shi a kwantiragi. Akwai kuma haƙƙin sayarwa: ka biya wani kuɗi yanzu, a ba ka ikon sayar da kwandonka a wani farashi har zuwa wata rana, ko da kasuwa ta diro ƙasa da shi. A gaskiya wannan na biyun shi kaɗai ne ke yin abin da mutane suke zaton birki na yi, domin tsallen dare bai karya shi.

Sai dai an ɗinka rigar ne don masu ƙiba. Babban kwantiragin Nikkei na dala a Shikago darajarsa dala 5 ce sau adadin ma'aunin. In ma'aunin na kan 38,000, dala 190,000 ke nan. Akwai ƙanana, amma ko su sun fi ƙarfin mai dala 800 a kwando, kuma suna bukatar ajiyar jingina da dillali zai iya neman ƙari a kanta da tsakar dare. Haƙƙin sayarwa kuwa kowane guda na rufe hannun jari 100 na kwando, kuɗinsa na narkewa kullum kamar ƙanƙara a rana, kuma yana tsada daidai lokacin da tsoro ya shigo.

Ga Musulmi akwai tambayar da ta riga lissafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce kwantiragin zaɓi, wanda haƙƙin sayarwa ke cikinsa, irin wanda ake yi a kasuwannin duniya bai halatta ba, haka ma saye da sayar da ma'auni. Wanda ya zaɓi kwando irin UMMA na Wahed don gudun riba da haram, ba zai so ya kare shi da abin da malamai suka yi wa wannan hukunci ba. Ni dai a nan na tsaya.

Wani abu da ake rikita shi da wannan shi ne kwandon da aka yi wa garkuwar canji, kamar DXJ da HEWJ. Su kariyarsu daga faɗuwar yen ce, ba daga faɗuwar kasuwa ba. Daga farkon 2022 zuwa tsakiyar 2024, lokacin da yen ya sauko daga wajen 115 zuwa sama da 160 a dala ɗaya, sun yi wa masu su rana. Amma daga Yuli zuwa 5 ga Agustan 2024 yen ya juyo ya yi ƙarfi har wajen 142, kuma wannan ƙarfin ne ya rage wa masu kwando marar garkuwa zafin faɗuwar, tunda kayansu na yen ne ana ƙirga su da dala. Masu garkuwa ba su sami wannan matashin ba. An gudu gara an faɗa gidan zago. Mu kuma muna da hawa na uku, naira: tun daga Yunin 2023 da aka saki farashinta, motsinta kaɗai ya sha shafe duk wani lissafin yen da dala, wani lokaci ya taimaka, wani lokaci ya cuce.

Sauya kasuwa

Wannan ba a cika maganarsa ba, alhali agogonmu ya ba mu shi kyauta. Irin waɗannan kwanduna akwai su a Landan, galibi masu rajista a Ayalan. Landan na buɗewa 8 na safe ta tashi 4:30 na yamma agogonmu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni 9 zuwa 5:30. Wato rana tsaka, idonka biyu. Tana haɗuwa da Mumbai na awa biyu zuwa uku, tana haɗuwa da Riyad kusan dukan zamanta, kuma tana buɗewa jim kaɗan bayan Tokyo ta tashi. Da a Landan kwandona yake a ranar nan, jiran awa ɗaya zan yi ba bakwai da rabi ba.

Kada a ɗauka wannan ya kawar da tsallen. Abin da ya faru a Tokyo ya riga ya faru, Landan ma da shi za ta buɗe. Ribar ita ce farashin da kake gani ya fi kusa da ainihin darajar kayan, musamman na Indiya da Saudiyya, kuma kana yanke shawara a wartsake. Ga kuma batun haraji: Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 daga rabon ribar kwandunan da ke Amurka. Cikas ɗin kawai shi ne ba kowace manhaja ke kai mutum Landan ba. Wanda Amurka kaɗai yake da ita kuma kwandon Turai yake so, ya yi cinikinsa a awa biyun farko na New York, lokacin da Landan da Faris da Frankfurt ba su tashi ba.

Kwandon Saudiyya na New York yana da nasa abin mamaki. Ranar Juma'a ana cinikinsa alhali Riyad na hutu, ranar Lahadi Riyad na ci alhali shi yana kulle. Duk abin da ya faru a Gabas ta Tsakiya a ƙarshen mako, sai Riyad ta yi zama biyu cur, Lahadi da Litinin, kafin ka iya taɓa naka.

Girman kaya

Duk waɗancan suna ɗauka cewa dare zai waye. Wani daren kuwa makonni yake yi. A 2015 an rufe kasuwar Atina daga 29 ga Yuni har 3 ga Agusta. Kwandon Girka na GREK ya ci gaba da ciniki a New York ba tare da kowa ya san ainihin kuɗin kayansa ba, ranar da aka buɗe Atina kuma ta faɗi da wajen kashi 16. Masar ta rufe tata kusan wata biyu a farkon 2011. Shanghai ta dawo daga hutun sabuwar shekararsu ranar 3 ga Fabrairun 2020, korona ta riga ta bazu, ta zube da kusan kashi 8. Mafi muni shi ne na Rasha: a farkon Maris 2022 aka dakatar da cinikin RSX da takwarorinsa a Amurka, ba a sake buɗe su ba, daga baya aka rushe su. Babu birkin da ya fitar da kowa. Mu ma mun taɓa zama misali ga wasu: kwandon Najeriya na Global X, mai alamar NGE, ya daɗe yana fama da wahalar fitar da daloli daga ƙasar nan, har aka rufe shi a 2024.

A irin wannan, abu ɗaya ne ke aiki ko kana barci, ko ba wuta, ko an kulle kasuwar gaba ɗaya: yawan abin da ka zuba tun farko. Lissafin ba shi da wuya. Ka tambayi kanka nawa za ka iya tashi ka tarar babu, ba tare da ya taɓa kuɗin makarantar yara ko cefane ba. Ka raba shi da mummunan daren da kake ganin ƙasar na iya yi. A ce jarinka duka dala 2,000 ne, kuma dala 60 ce iyakar abin da za ka jure a dare ɗaya. Japan ta nuna tana iya kashi 12, don haka 60 a raba da 0.12, dala 500 ke nan. Ƙasar da ake iya rufe kasuwarta ko a ƙaƙaba mata takunkumi, sa kashi 20 ko fiye, ka ga adadin ya sauko 300 ko ƙasa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Aibinsa a fili yake: in kwandon ya yi sama, ribarka ma ƙarama ce, kuma za ka ji haushin ganin wani ya zuba duka ya ci. Ba ya kuma hana asara, iyaka yake sa mata. Amma ba ya cin ko sisi, ba ya bukatar izinin dillali, ba shi da shubuha, kuma shi kaɗai ne bai dogara da cewa wata na'ura a wata nahiya za ta yi aiki a daren da ta fi cunkoso ba. Sharaɗinsa guda: kada a sa bashi a ciki. Wanda ya ranto daga dillali ya ninka kayansa sau biyar, daren kashi 12 ya cinye masa kashi 60. Ranar 15 ga Janairun 2015, da babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba zato, masu cinikin canji da bashi ba jarinsu kaɗai suka rasa ba, wasu an biyo su da bashi a kai, kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe. Kuma da rana tsaka abin ya faru.

To wa zai ɗauki wanne? Mai tara kuɗi na shekaru, wanda ke sayen kaɗan-kaɗan duk wata, girman kaya ya ishe shi, birki kuwa cutar da shi zai yi don zai riƙa fitar da shi a rami. Mai cinikin kwanaki ko makonni ya haɗa girman kaya da kalanda, ya rage kafin dararen da aka san da zuwansu, in ya sa birki ya san cewa na rana ne. Mai jarin da ya kai ɗaruruwan dubban daloli, wanda kuma malaminsa ko aƙidarsa ba su hana shi ba, shi ne garkuwar manya ta yi wa daidai. Sayar da komai kowane dare ban ga wanda ya dace da shi ba, sai dillalin da ke karɓar kamashon.

Ni yanzu kwandon ƙasa ɗaya ba ya wuce rubu'in abin da nake da shi a waje. Ba na aika umarni a rabin awar farko ta New York, kuma ko yaushe da ƙayyadadden farashi nake aikawa. A kalandar wayata na sa ranakun zaman bankin Japan, da hutunsu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, wanda a 2019 ya kai kwana 10 a jere, da Lahadi biyun da Amurka ke juya agogo. Na ƙarshen nan na ƙara shi ne bayan wata Litinin a Nuwamba da na zauna tun 2:30 ina danna waya ina zagin intanet, ashe saura awa ɗaya a buɗe.